Kitson Kofur Maikano

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram a shekarun da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa ya san Kofur Maikano, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon ɗan sandan nan mai tuƙa keke gwiwoyinsa na neman gaisawa da haɓarsa. Mutumin Kiyako ne, ɗan Buba mai shanu. Tsayi ne ya kai shi aiki. Ana gab da samun mulkin kai aka zo ƙauyensu neman samarin da za a ɗauka 'yan doka, dagaci ya duba taro bai ga kan kowa ba sai nasa. Uwarsa ta yi ta kuka kamar yaƙi za a kai shi. Ubansa kuwa cewa ya yi, "Je ka, ai kiwo ne. Sai dai waɗancan shanun suna da baki."

Ya sa jar dara ta 'yan doka, aka zo lokacin yaƙi aka haɗe su da 'yan sandan tarayya, aka canja masa kaki da hula, amma ba a iya canja masa tsayuwa ba. In yana gadi a bakin caji ofis sai ka ga ya ɗora kulki a bayan wuya ya rataya hannuwa, ƙafa ɗaya a kan gwiwa, yana kallon masu shige da fice kamar yana jiran su gama shan ruwa ya kora. Sufeto nawa suka yi faɗa suka gaji. Kulkin nan dai mangwaron bariki yana da ƙara a kansa, amma ban taɓa jin ɗan Adam ya ce ya ɗanɗana shi ba. Yanzu yana Kiyako, ya yi ritaya da igiya biyu, ya koma bayan shanun da ba sa mai da magana.

Da aka mai da shi Gwaram sai aka ɗora masa aikin da kowa ke gudu, wato duba gidajen giya. Can wajen Basirka akwai 'yan unguwannin Warjawa da suka gaji dafa burkutu tun kakanni, ga direbobin manyan motoci da ke yada zango, wasunsu su bar sunayensu na yanka a cikin mota su sauko da wasu. Hukuma ta ba gidajen lasin bisa sharaɗi: a buɗe da lokaci, a rufe da lokaci, a yi tsabta, kuma kada a ga yaro ko yarinya a inda ake sha. Duk shekara kafin a sabunta lasin sai Kofur ya je ya gani da idonsa.

Mutumin da ko a mafarki bai taɓa kurɓa ba, shi ne ya fi kowa a Gwaram warin tsami. Matarsa Hapsatu ta kafa masa doka tata, ita ma da sharaɗi: kaki ya kwana a zaure. Da mashaya kuwa ba ya jayayya. Ya ce ba a tarar bijimi ta gaba. Sai ya bi ta gefe yana 'yar ƙara da harshe, har mutum ya tsinci kansa a ƙofar gidansa yana tsammanin shi ya kawo kansa.

Wata shekara bayan kaka ya je duba gidan Tani, wata tsohuwar Bawarjiya da ke bakin hanya.

"Ɗan Fulani, an iso? Zauna in ɗebo maka ta jiya, ta nuna sosai."

"Ajiye mini, Inna Tani, sai na yi ritaya."

"Bara ma haka ka ce. Tukunyarka har ta tsufa da jira."

Ya leƙa tukwane, ya duba ƙore, ya zaga bayan rumfa. Nan ya ga wata yarinya da ba ta wuce shekara shida ba, zaune a gindin rumbu ta goya totuwar masara da tsumma.

"Inna Tani, wannan fa?"

"Wace? Ni ban ga kowa ba."

"To ni na gani."

Tani ta ajiye ludayi ta gaya masa gaskiya. Sunan yarinyar Hajjo. Uwarta Mero ce, mai tuwon tasha, wadda ke haya a gidan da ke maƙwabtaka da ita. Mero 'yar gidan malamai ce a Dingaya. Ta auri wani direba ba da son yayanta ba, direban ya bi motocin soja lokacin yaƙi bai dawo ba, ba kuma wanda ya san garinsu. Zuciya ta hana Mero komawa gida. Da damina amai da gudawa ya ɗauke ta, mai gidan haya ya rufe ɗaki, Tani ta jawo yarinyar wurinta.

"Ƙwaryarta daban, tukunyarta daban," in ji Tani. "Ko ludayina ban taɓa kai mata baki ba. Har bisimilla nake tuna mata in za ta ci tuwo, ni da ban san inda aka dosa da ita ba. Ka rufe ido ka wuce, ɗan Fulani."

"Idon na hukuma ne, Inna, aro aka ba ni."

Suna cikin magana wani direba ya taso daga rumfa yana tangaɗi, ya zo ya zube dab da rumbu. Yarinyar ko ɗaga kai ba ta yi ba. Ta ɗan matsa gefe, ta gyara wa totuwarta goyo, ta ci gaba da wasa. Kofur ya dubi Tani, Tani ta dubi ƙasa. Ita da kanta ta shiga ɗaki ta ƙulle 'yan tsummokaran yarinyar, ta ɗora ta a bayan keke, ta juya ta kama hura wutar da ba ta mutu ba.

Alƙalin Gwaram bai ja magana ba. Ya ce yarinya ta zauna a hannun Kofur zuwa zama na gaba. In wani danginta ya zo ya tsaya ya ce tasa ce, a ba shi. In ba a samu ba, ma'aikacin jin daɗin jama'a zai taho daga Birnin Kudu ya wuce da ita gidan marayu a Kano. Hapsatu, wadda duk 'ya'yanta maza ne, ta aiko mijinta da roƙon a bar mata yarinyar. Alƙali ya ce ɗan sandan da ya kawo magana ba ya tafiya gida da ita.

Kashegari Kofur ya hau keke shi kaɗai ya nufi Dingaya. Ya sami Malam Datti, yayan Mero, a zaure yana duba allunan ɗalibai. Mutum ne mai sanyin murya, irin waɗanda in sun ce a'a sai ka ji kamar addu'a suka yi maka. Ya sa aka kawo ruwa da fura. Daga cikin gida ana jin daka. Da Kofur ya ambaci sunan Mero, taɓarya ta tsaya.

"Allah ya ji ƙanta," in ji Malam Datti. "Mun ji labari. Amma Kofur, gidan nan 'ya'yan mutane ake kawo mana amana. Gobe a ce 'yar da ta tashi a gindin tukunyar giya tana cikinsu, wa zai sake kawo nasa? Hukuma tana da gida, tana da abinci. A kai ta, Allah ya raya."

"Malam, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar."

"Hannun ne ya yanke kansa, Kofur."

Kofur ya jawo ƙwarya. Ya sha fura, ya yi godiya. Har ya kai bakin gari bai ji an ci gaba da dakan nan ba. Wani mai shayi ya gaya masa cewa mai dakan ita ce Inna Hadijatu, uwar Datti da Mero, tsohuwar da duk amaryar Dingaya sai ta zauna a gabanta an yi mata kitso, kuma tun da Mero ta tafi ba a sake jin sunan a bakinta ba.

Ya dawo gida ya tarar Hapsatu ta wanke yarinya tas, ta zauna ta yi mata shuku mai kyau, tsaga kamar an ja da zare.

"Tsefe shi," in ji Kofur.

"In tsefe me?"

"Kitson. Ni zan yi mata."

Hapsatu ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Yau dai Tani ta ci nasara. Ludayi nawa ka sha?"

Ya zauna a kan turmi ya yi mata bayani. A rugarsu in saniya ta ƙi maraƙi, ba a dukanta, ba a roƙonta. Gishiri ake shafa wa maraƙin a gadon baya. Ta zo lasar gishiri, kafin ta farga ta lashe ɗa, shi ke nan an gama. Tsohuwar nan kunyar ɗanta ba za ta bar ta ta ce a kawo jika ba. Amma makitsiya ba ta iya kallon mummunan kai ta yi shiru.

Hapsatu ta tsefe tana mita. Kofur ya sa yarinyar a gaba, ya naɗe hannun riga. Kitso ɗaya ya sani a duniya, shi ne tufkar dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa. Ita ya yi. Ya raba kan gida huɗu, ba wanda ya yi kama da ɗan'uwansa. Ɗaya ya dubi gabas, ɗaya ya kwanta a kan kunne, ɗaya ya tsaya cak kamar ƙahon akuya, na huɗun ya warware tun kafin a gama na uku. Tsagar kuwa ta bi ta nan ta ɓulla ta can, kamar hanyar shanu da damina. Hapsatu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, daga nan kuma ta share hawaye, ba na dariyar ba.

"Baba Kofur, na yi kyau?" in ji Hajjo.

"Ba a taɓa yin irinki ba," ya ce, don ba ya ƙarya.

Saboda rashin ƙaryar nan ne ma, da suka iso bakin Dingaya da hantsi, ya sauka ya kwance bawul ya sace iskar tayarsa da hannunsa. Ya turo keke zuwa ƙofar makaranta, yarinya na biye da ɗankwali ɗaure sako-sako.

"Malam, tayata ba iska. Ga rana. A taimaka wa yarinyar hukuma da ruwa da inuwa kafin in gyara."

Malam Datti ya dubi yarinyar sau ɗaya ya kau da kai. Amma ba a taɓa yin gidan da ya hana baƙo ruwa ba, balle gidan malamai. Ya ce ta shiga. Garin sunkuyawa ta wuce labulen asabari, ɗankwali ya zame.

Kofur ya kifa keke, ya zare robar ciki, ya shiga neman huda. Malam Datti ya sa aka kawo kwano da ruwa, ya zauna kusa da shi. Aka hura roba, aka bi ta cikin ruwa daga farko har ƙarshe, ko kumfa ɗaya bai taso ba.

"Kofur, robar nan lafiyarta ƙalau."

"Haka ake gani, Malam. Irin wannan hudar ita ce mai wuyar sha'ani."

Sai ga murya daga cikin gida, ba da ƙarfi ba, amma irin wadda ke ratsa katanga.

"Wane marar tsoron Allah ne ya yi wa 'yar mutane wannan?"

Malam Datti ya dubi Kofur. Kofur ya ƙara tsoma roba a ruwa.

Matan gidan ne suka ba da labarin sauran. Sun ce Inna Hadijatu ta zagaya yarinyar tana salati, sannan ta ce a miƙo mata kibiya da man shanu, ba don komai ba, don kada a ce an ga wannan abu ya fita daga gidanta. Ta zauna a tabarma ta ja yarinyar tsakanin gwiwoyinta.

"Ke, mummuna, wa ya yi miki?"

"Baba Kofur."

"Allah ya shirye shi. Da kulki ya yi?"

"Da hannu. Ya ce ba a taɓa yin irina ba."

"Nan kam ya faɗi gaskiya. Sunkuya."

Ta warware igiyoyin, ta shafa mai, ta taje. Da ta kai ƙeya sai hannunta ya tsaya. Gashin wurin ya murɗe gida biyu, irin murɗewar da ke karya tsaga, wadda ta sha fama da ita shekara da shekaru a kan wata yarinyar daban. Ta daɗe da tafin hannu a wurin. Hajjo, da ta ji an daina ja, ta jingina kai a cinyarta ta yi barci. Can tsohuwa ta ɗauki kibiya ta fara ƙananan kitso, irin mai cin yini.

A waje an yi azahar, an yi la'asar. Kofur ya mai da roba ya cire, ya mai da ya cire, har Malam Datti ya ji tausayin robar ya karɓi famfo ya hura tayar da kansa. Ya aika ciki a fito da yarinya. Aka dawo da amsa cewa Inna ta ce an yi rabi, ido ya gaji, kuma 'ya mace ba ta fita da rabin kitso.

"Ka ji, Malam," in ji Kofur. "Ni doka na sani, wannan kuwa ta fi ƙarfina. Jibi ne zaman alƙali."

"Zan kawo wa hukuma ajiyarta da kaina," in ji Malam Datti. "Ajiya na ce, Kofur."

"Na ji, Malam."

Ya koma Gwaram bayan keke wayam. Saje Hambali ya tare shi a bakin caji ofis.

"Ina yarinyar da alƙali ya damƙa maka?"

"Tana wurin kitso, ranka ya daɗe."

"A ina?"

"Dingaya."

"Duk makitsan Gwaram sun mutu ne?" Saje ya daɗe yana kallonsa. "In ba ta zo jibi ba, ni ban ji wannan maganar ba, kai ma ba ka faɗa ba."

Ranar zama kotu ta cika da masu rikicin gona da na ɓarnar shanu. Ma'aikacin jin daɗin jama'a ya iso da mota, saurayi mai kirki, har da alewa a aljihu. Tani ma ta zo, ta zauna can nesa a gindin darbejiya da ƙullin kaya a cinya. Rana ta ɗaga, ba Datti ba yarinya. Kofur ya fita ya dubi hanya, ya dawo, ya sake fita. An kira maganar Hajjo ke nan sai ga jaki ya tsaya a ƙofa. Malam Datti ne ke jansa. A kai ga yarinya, kanta na ƙyalli, tsaga ɗaya bayan ɗaya kamar kunyoyin gonar manomin kirki. A bayanta ga Inna Hadijatu cikin mayafi, wadda rabonta da fita Dingaya tun kafin yaƙi.

Malam Datti ya durƙusa ya yi gaisuwa. Ya ce ga ajiyar hukuma ya kawo.

Alƙali ya ce, "Madalla. Akwai wani dangin yarinyar nan da zai tsaya mata?"

Malam Datti ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Alƙali ya sake tambaya. Ma'aikacin ya gyara tsayuwa ya laluba aljihu. Sai tsohuwa ta yi magana daga cikin mayafi, fuskarta na duban bango, don ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta kuma yi masa magana kai tsaye a gaban mutane.

"Allah ya gafarta malam, a tambaya mini mai gidan can. Kitson nan ƙanana ne, in ya tsufa ba kowa ke iya tsefe shi ba, sai a tsinke mata gashi. Wa zai tsefe mata a Kano?"

Alƙali ya gyara rawani. "Malam Datti, ka ji tambaya. Ni ba ni da amsarta."

Carbi ya tsaya. Malam Datti ya ɗago ya dubi yarinyar, wannan karon bai kau da kai ba.

"'Yar ƙanwata ce," ya ce. "Mero ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni zan riƙe ta. Wanda zai cire ɗansa daga makaranta ya cire."

Aka rubuta, aka shafa fatiha. Ma'aikacin ya ba Hajjo alewar duk da haka, ya ce da ma bai so tafiya Kano da zafin nan ba.

A waje Tani ta taso ta ajiye ƙullinta nesa kaɗan da tsohuwa, ta ja da baya. 'Yar ƙwarya ce da ƙaramar tukunya.

"Nata ne. Ba abin da ya taɓa su sai tuwo da ruwa."

Inna Hadijatu ta buɗe mayafi ta dube ta da kyau. Sannan ta tako har inda take, ta kama hannunta da hannu biyu, a gaban ɗanta da duk mutanen kotu.

"Sannu da riƙo. Ke kika rufe uwarta?"

"Matan tasha suka yi mata wanka. Ni ruwa na ɗebo."

"Allah ya biya. In an yi sallah ki zo ki ga yarinya. Gidan ba shi da wuyar ganewa."

Kofur ya matso zai ɗora Hajjo a kan jaki, ya kai hannu zai shafa kanta. Tsohuwa ta buge hannun.

"Ɗaga ta ta hamata. Kan nan ka gama da shi."

Ya ɗaga ta ta hamata. Malam Datti ya ɗaure ƙwarya da tukunya a mangala, ya ja jaki suka kama hanyar Dingaya.